Amsa Laifi Da Gyara Shi: Darasin Yaƙin Alwasa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai karɓar tuban bayinsa, wanda Ya bar ƙofar komawa gare Shi a buɗe dare da rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, Hausawa suna cewa laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Wannan magana ta yi daidai da halin da jama'a da yawa suke ciki. Direba ya yi gudun wuce sa'a da suɗaɗɗiyar taya ya zubar da fasinjoji, sai ya ce ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ɗan kasuwa ya cinye uwar kuɗi a wajen bukukuwa, sai ya ce sammu aka yi masa. Magidanci ya danƙara wa matarsa saki uku cikin fushi, gari na wayewa ya shiga yawon neman malamin da zai ce masa sakin bai auku ba, yana ta ɗora wa Shaiɗan. Ɗalibi ya yi wasa da karatu ya faɗi jarrabawa, ya ce malami ne ba ya ƙaunarsa. Kowa yana da wanda zai jingina wa laifinsa, har ya zama babu kalmar da ta fi nauyi a harshe kamar mutum ya buɗe baki ya ce shi ya yi.

Addinin Musulunci kuwa bai kallafa wa kowa ya zama ma'asumi ba, gama ɗan Adam ajizi ne, tara yake bai cika goma ba. Abin da aka kallafa masa shi ne idan ya yi kuskure ya amsa, ya yi nadama, ya gyara abin da ya ɓata, sa'an nan ya ɗauki darasin da zai hana shi komawa.

Asalin al'amarin

Tun farkon halitta aka raba hanyar nan biyu. Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ci daga itaciyar da aka hana shi, Iblis kuma ya ƙi yin sujadar da aka umurce shi. Sa'ad da aka tuhumi Annabi Adamu da Hauwa'u, sai suka jingina zaluncin ga kawunansu suka nemi gafara, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi aya ta 23, ko da yake suna da wanda za su nuna da yatsa, tun da yake Iblis ne ya rantse musu ya yaudare su. Shi kuwa Iblis da aka tuhume shi sai ya kawo hujja da asalin halittarsa, daga bisani ma ya jingina ɓatansa ga Ubangijinsa, kamar yadda aya ta 16 ta wannan sura ta nuna. Aka karɓi tuban na farko aka zaɓe shi, na biyu kuma aka la'ance shi har abada. Duk mai laifi a bayan ƙasa ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu yake bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Har a cikin salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, shari'a ta yi tanadin kuskure. Yaron da ya fara karatun Ahalari a makarantar zaure ya san ƙabli da ba'adi, watau sujadar da ake yi kafin sallama saboda ragi, da wadda ake yi bayan sallama saboda ƙari. Asalinta kuwa daga aikin Manzon Allah ne, mai tsira da amincin Allah. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wata rana ya sallame bayan raka'a biyu a ɗaya daga cikin sallolin rana masu raka'a huɗu. Manyan sahabbai, har da Abubakar da Umar, suka ji nauyin yi masa magana, sai wani sahabi da ake kira Zul Yadaini ya tambaye shi ko an rage salla ne ko kuwa mantuwa ya yi. Annabi bai tsawata masa ba. Ya juya ya tambayi jama'a, da suka gaskata mutumin sai ya miƙe ya cika sallarsa ya yi sujada bayan sallama. Idan shugaban halitta ya karɓi tunatarwa a gaban sahu, wane ne kuma zai ce ya fi ƙarfin a gyara masa?

Abin da ya auku a Kwalda da Alwasa

Mutanen Sakkwato ba su da bukatar tafiya nesa neman misali, domin waɗanda suka kafa wannan birni sun bar shi a rubuce da hannuwansu. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni jama'arsa suka yi galaba a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. A ƙarshen wannan shekara suka sha wuya a Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa, inda kimanin mutum 2,000 suka yi shahada, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani wajen 200. A 1805 aka ci Birnin Kebbi, sa'an nan Shehu ya koma Gwandu da zama, a lokacin kuwa Gwandu ba ta da ganuwa.

Rashin da aka yi a Tsuntsuwa ya tafi da da yawa daga cikin almajiran da suka sami tarbiyya tun daga Degel. Nasarorin da aka samu kuma suka jawo sababbin mutane, wasu domin Allah, wasu domin abin da za su samu, ga kuma yunwa da ta addabi ƙasar a wannan shekara. Ana cikin haka, wajen ƙarshen 1805, labari ya zo cewa babbar rundunar taron dangi ta Gobirawa da Abzinawa da waɗansu daga cikin Kabawa ta nufo Gwandu. Shawara ta rabu biyu, waɗansu suka ga a tsaya a gida a jira abokan gaba, waɗansu suka ga a fita a tarye su. Aka tsaya a kan fita.

A kan hanya rundunar ta biyo ta wani gari da ake kira Kwalda, wanda mutanensa suke zaman amana da jama'ar Shehu. Sai mayaƙa suka afka wa garin suka shiga wasoso. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya hana su, suka ƙi ji. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya shiga cikinsu domin ya tsayar da ɓarnar, saura kaɗan su halaka shi. Da suka ga haka sai su biyun suka ba da shawara a koma gida, domin rundunar da ta ci amana ba ta da dalilin sa ran taimakon Allah. Ba a bi shawararsu ba. Aka ci gaba har aka gamu da abokan gaba a Alwasa, aka kwashi kashin jama'ar Shehu, kimanin mutum 1,000 suka kwanta dama. Waɗanda suka tsira suka komo Gwandu a warwatse, abokan gaba na biye da su. Aka yi kwanaki ana fafatawa a bakin garin da ba shi da ganuwa, mata da yara suna ciki, har Shehu ya fito ya ƙarfafa wa jama'a zuciya ya yi addu'a, Allah Ya juyo da al'amari aka kori maharan.

To, a nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa: ta wace hanya labarin Kwalda ya iso ga mutanen yau? Ya iso ne daga alƙalamin Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri wanda ya kammala a 1812. A lokacin an riga an ci Alkalawa tun 1808, an gina Sakkwato tun 1809, tutocin Shehu suna kaɗawa daga Katsina da Kano har Bauci da Adamawa. Babu wanda ya isa ya tilasta masa tona wannan asiri, kuma yana da uzurorin da za su ishe shi, kamar yawan abokan gaba da raƙuman Abzinawa da yunwar da ta ci ƙarfin mayaƙa. Duk da haka ya rubuta wasoson Kwalda a gaban labarin Alwasa, yadda duk mai hankali zai ga abin da ya haifi wani. Haka kuma Malam Abdullahi, a cikin Tazyinul Waraƙati wanda ya haɗa a 1813, bai ɓoye yadda son duniya da son muƙami suka shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a ba. Masu nasara sun saba rubuta tarihi yadda zai wanke su, amma waɗannan bayin Allah sun rubuta shi yadda zai tsoratar da jikokinsu.

Daga Alƙur'ani suka koyi wannan ladabi. A yaƙin Uhudu, cikin watan Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira, Manzon Allah ya tsayar da maharba 50 a kan wani tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya hore su kada su gusa ko da me suka gani. Da suka hango ana tattara ganima sai yawancinsu suka sauko, Halidu ɗan Walidu, wanda bai musulunta ba tukuna, ya zagayo da dawakai ta baya, aka kashe Musulmi 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Sa'ad da sahabbai suka yi mamakin inda wannan masifa ta fito, sai Suratu Ali Imrana, a aya ta 165, ta gaya musu cewa daga wurinsu ta fito. Ana karanta wannan aya a salla har gobe, ba ta kuwa rage wa sahabbai daraja ba. A wannan sura dai, a aya ta 159, aka umurci Annabi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su. Wannan shi ne haƙƙin wanda ya amsa laifinsa a kan jama'a.

Darasin da aka ɗauka

Amsa laifi da baki kawai ba ya wadatarwa, sai an ga canji a aikace. Bayan Alwasa an kewaye Gwandu da ganuwa, da Muhammadu Bello ya gina Sakkwato ma da ganuwa ya kewaye ta, daga baya kuma ya kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, kamar Wurno inda ya rasu a 1837. Wannan gyaran zahiri ke nan. Ta fuskar gyaran zukata kuwa, a 1806, watau shekara guda bayan Alwasa, Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra, wanda a cikinsa ya shimfiɗa hukunce-hukuncen yaƙi da rabon ganima da kiyaye amana. Malam Abdullahi kuma, da abin ya ishe shi, ya bar runduna wajen 1807 ya nufi gabas da niyyar barin ƙasar ɗungum. Da ya isa Kano sai jama'arta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, daga nan ya komo wurin Shehu. Ya gane cewa tsayawa a gyara ya fi amfani ga al'umma bisa ga tafiya a bar ɓarna a baya.

Shi kansa Shehu ya bar wa malamai misalin da ya fi wannan wuya. A majalisunsa na wa'azi ya kasance yana gaya wa jama'a cewa lokacin bayyanar Mahadi ya yi, yana dogara da lissafin babban malamin nan na Masar, Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi kirdadon bayyanar a wajen shekara ta 1200 ko 1204 bayan hijira. Shekarun suka wuce. Shehu ya koma ya sake bincike, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya bayyana cewa abin da ya riƙa faɗa a kan zato aka gina shi, kuma ba a san lokacin a kan yaƙini ba. Da waɗansu masoya suka fara yaɗa cewa shi ne Mahadin, sai ya rubuta Tahzirul Ihwani a 1814 ya kore wannan magana daga kansa. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa mubaya'a, wanda da ya yi shiru babu mai tuhumarsa, shi ne ya janye maganarsa a rubuce. Malamin da ya ba da fatawa a rediyo ko a kan mumbari ranar Juma'a, daga baya ya gane ya yi kuskure, lalle ne ya gyara a inda ya faɗa, domin waɗanda suka ji ta farko suna nan suna aiki da ita. Sayyidina Umar ma ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musal Ash'ari cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau.

Gaskiya mai ɗaci

Abin da ke hana mutane amsa laifi shi ne tsoron abin da zai biyo baya, kuma gaskiya ne wani lokaci yakan yi ɗaci. Sa'ad da Manzon Allah ya komo daga yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, mutum 80 da 'yan kai suka zo suna rantse-rantse suna kawo uzurin ƙarya a kan rashin fitarsu, aka karɓi zahirinsu aka bar su da Allah. Ka'abu ɗan Maliku, wanda yake mawaƙi ne mai fasahar da zai iya tsara uzurin da za a karɓa, ya zauna gaban Annabi ya ce ba shi da wani uzuri, bai ma taɓa samun ƙarfi da wadata kamar na wannan lokaci ba. Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya su ma suka faɗi gaskiya. Aka hana kowa yi musu magana har kwana 50, a kwana na 40 aka umurce su su nisanci matansu. Ana cikin wannan ƙunci Sarkin Gassan ya aiko wa Ka'abu takarda yana kiransa ya zo a girmama shi, ya jefa ta a cikin wuta. Daga ƙarshe aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubansu, masu uzurin ƙarya kuwa wannan sura ce ta tona asirinsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wahalar kwana 50 ta wuce, ambaton mutum uku ya tabbata a cikin Littafin Allah.

Kuskure ba ya kayar da haƙƙi

Waɗansu sukan ce ai ba da gangan suka yi ba, su ɗauka magana ta ƙare. Malamai sun bayyana cewa kuskure da mantuwa suna ɗauke zunubi, amma ba su ɗauke ramuwar haƙƙin mutane. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora masa kaffara, ta kuma wajabta diyya ga dangin mamaci sai fa idan sun yafe. A mazhabar Imamu Maliku, kamar yadda ya zo a Risala, masu sana'a suna lamuncewa kayan da aka ba su suka tafi da su wurin aikinsu. Saboda haka telan da ya ɓata shadda, da marinin da ya lalata zane, da baduku ko majemin da fatar mutane ta salwanta a hannunsa, kowannensu biya ne a kansa. Wanda dabbarsa ta shiga gonar maƙwabci da dare ta yi ɓarna, shi ma haka. Shari'a ta tsananta a nan ne domin mutane su natsu da miƙa wa juna dukiya, kuma domin wanda ya biya sau ɗaya yakan kula a karo na biyu.

Amma fakewa da ƙaddara, wannan jahiltar addini ne. Imani da ƙaddara wajibi ne, shi ne ke sanyaya zuciyar wanda masifa ta samu, ya kuma hana mai tuba yanke ƙauna. Bai zama mafaka ga mai sakaci ba. Shi kansa mai wannan hujja, da wani zai mare shi a kasuwa ya ce ƙaddara ce, ba zai yarda ba. Shehu da Abdullahi da Bello sun fi mutanen yau sanin babin ƙaddara, duk da haka suka gina ganuwa, suka rubuta littattafai, suka ambaci Kwalda da sunanta.

Malamai, kamar Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihina, sun ambaci sharuɗɗan tuba guda uku idan laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa ne: barin laifin nan take, da nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan kuwa akwai haƙƙin wani a ciki, sai a ƙara na huɗu, watau mayar da haƙƙin ko neman yafewa daga mai shi. Duka huɗun ba su yiwuwa sai mutum ya fara yarda a ransa cewa ya yi laifi, gama ba a nadama a kan abin da ake musunsa. Wannan amsawa kuwa ba ta nufin mutum ya riƙa tallan zunubansa. Abin da Allah Ya rufa wa bawa asiri a kai, tsakaninsa da Ubangijinsa ya tuba ya yi shiru. Abin da ya taɓa mutane shi ne ake amsawa a gabansu, gwargwadon yadda ya taɓa su.

Jama'a ma suna da nasu nauyi. Uban da yake dukan yaro idan ya faɗi gaskiya a kan kwanon da ya fasa, yana koya masa ƙarya da hannunsa. Maigidan da yake korar yaron shagonsa ranar da ya amsa kuskuren lissafi, gobe wanda zai ɗauka ɓoyewa zai yi. Shugaban da ya fito ya ce ya yi kuskure a aikin jama'a, idan aka mai da shi abin dariya, na bayansa ba zai sake gwadawa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, haka kuma mai cewa ya yi kuskure taimako yake bukata a kan gyara.

Kowace rana baƙi suna zuwa daga nesa domin ziyarar Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, mutanen gari kuma suna salla a masallacinsa da na ɗansa Bello. Daga cikin gadon da waɗannan bayin Allah suka bari har da wannan hali na faɗin gaskiya a kan kai. Ya kamata duk wanda yake alfahari da su ya duba ko akwai bashin da yake musu, ko matar da ya zalunta, ko fatawar da ya kamata ya janye, ko amanar ofis da ya yi wasa da ita, ya je ya amsa ya gyara tun yana da iko, kafin ranar da za a rufe baki gaɓoɓi su ba da shaida.

Allah Ya ba Musulmi ikon ganin laifin kansu da ƙarfin zuciyar amsa shi, Ya karɓi tuban masu tuba, Ya jiƙan Shehu da mataimakansa da dukkan magabata, Ya sa a cika da imani. Amin.